Hawan Dutsen Kilimanjaro: Yadda Iska Ke Gwada Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

Kilimanjaro shi ne dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a nahiyar Afirka. Yana arewa maso gabashin ƙasar Tanzaniya, dab da iyakarta da Kenya, kuma ƙololuwarsa ta kai mita 5,895 daga saman teku. A kowace shekara dubun dubatar mutane daga sassa daban-daban na duniya sukan yi takakkiya zuwa garuruwan Moshi da Arusha domin su hau shi, wasu don yawon buɗe ido, wasu don gwada ƙwazonsu, wasu kuma don tara kuɗin taimakon mabukata. Abin da ya jawo masa wannan farin jini shi ne, a manyan hanyoyinsa ba a bukatar igiya ko gatarin saran ƙanƙara. Da ƙafa ake takawa tun daga gindi har sama, in ban da 'yan wurare da akan dafa dutse da hannu.

To, amma Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Da yawa daga cikin masu hawa sukan juyo ba tare da sun kai ba, kuma kusan kowace shekara akan sami waɗanda suka rasa rayukansu a hanya. Babban abin da ke mayar da mutane baya shi ne iskar da suke shaƙa, wadda ƙarfinta ke raguwa gwargwadon yadda aka yi sama. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin hakan, da abin da yake haifarwa a jikin mutum, da kuma yadda sanin kimiyyarsa ke tsare rai.

Siffar Dutsen da Tarihin Hawansa

Asalin Kilimanjaro dutse ne mai aman wuta. Ya samu ne daga narkakken dutse da ya riƙa ɓulɓulowa daga cikin ƙasa a gefen babban tsagin nan da ya ratsa gabashin Afirka, yana daskarewa wani bisa wani na tsawon dubban ɗaruruwan shekaru. Yana da kawuna uku, wato Shira da Mawenzi da Kibo. Shira shi ne mafi tsufa, kuma ya rufta ya zama shimfiɗaɗɗen tudu. Mawenzi, mai tsayin mita 5,149, iska da ruwa sun zaizaye shi har ya yi tsini-tsini. Waɗannan biyu wutarsu ta mutu. Kibo kuwa, wanda ke ɗauke da ƙololuwar, barci kawai yake yi, domin har yanzu akan ji warin farar wuta yana fitowa daga ramin da ke tsakiyarsa.

Ƙabilar Chaga ta daɗe tana zaune a gangaren dutsen, tana noman ayaba tare da janyo ruwa zuwa gonaki ta ƙananan magudanai, daga baya kuma ta shahara da noman kofi. A shekarar 1848 wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Johannes Rebmann ya hango farin kan dutsen, ya kai labari Turai cewa akwai dusar ƙanƙara a wurin da bai fi kilomita 340 daga layin Ikwaita ba. Wasu masana labarin ƙasa a Ingila suka ƙaryata shi, suna ganin ba yadda za a yi ƙanƙara ta zauna a ƙasar zafi. Sai a ranar 6 ga watan Oktoba na 1889 ne Hans Meyer ɗan Jamus da Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya suka taka ƙololuwar, da taimakon 'yan ƙasa da suka ɗaukar musu kaya suka kuma nuna musu hanya. Bayan Tanganyika ta sami mulkin kai a 1961 aka raɗa wa ƙololuwar suna Uhuru, wato 'yanci da harshen Swahili. A 1973 aka mayar da dutsen gandun daji na ƙasa, sannan a 1987 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Yanayi Iri Biyar a Dutse Ɗaya

Mai hawa Kilimanjaro yakan ratsa yanayi iri biyar cikin 'yan kwanaki. Daga gindi zuwa kimanin mita 1,800 gonaki ne da ƙauyuka. Daga nan zuwa wajen mita 2,800 kurmi ne mai duhu da laima, inda birai ke tsalle a kan bishiyoyi, kuma nan ne ruwan sama ya fi sauka. Sama da kurmin sai fili mai ciyayi da gajerun itatuwa har zuwa mita 4,000. A nan akwai wasu tsirrai masu ban mamaki: wani yakan rufe ganyensa da dare don kare tohonsa daga sanyi, wani kuma yakan bar busassun ganyensa manne da jikinsa kamar bargo. Daga mita 4,000 zuwa 5,000 hamada ce ta duwatsu da tsakuwa, rana ta ƙona mutum da tsakar rana, dare kuma ruwa ya daskare. Abin da ya yi saura har ƙololuwa, ƙanƙara ce da toka da baƙin dutse.

Ɗalibi na iya tambaya: tun da wanda ya hau dutse ya ƙara kusantar rana, me ya sa yake jin sanyi maimakon zafi? Amsar ita ce, tsakanin duniya da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, saboda haka kilomita shida ba su rage komai ba. Hasken rana yakan ratsa iska ba tare da ya ɗumama ta sosai ba. Ƙasa yake ɗumamawa, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Idan iska mai ɗumi ta yi sama sai ta buɗe ta baje, kuma duk iskar da ta baje sanyi take yi. A ƙiyasi, zafi yakan ragu da digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyos a duk mita 1,000 da aka hau. Idan zafin garin Moshi ya kai digiri 30, a ƙololuwar da ta ɗara garin da kimanin mita 5,000 za a rage digiri 32 da rabi, wato an gangara ƙasa da matakin da ruwa ke daskarewa. Da dare kuwa sanyin yakan fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Wannan dalili ne dai ya sa Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ta fi Kano sanyi, Mambila kuma ta fi Jos. Lissafin da masu ƙaryata Rebmann suka yi sakaci da shi ke nan.

Nauyin Iska

Ko da yake ba a ganin iska, tana da nauyi. A bakin teku, iskar da ke bisa kowane murabba'in santimita, wato wuri mai faɗin farcen yatsa, tana danna shi da nauyin da ya kai kimanin kilo ɗaya. Wannan shi ake kira matsin iska. Malami na iya nuna shi a aji: a cika kofi da ruwa fal, a rufe bakinsa da kwali mai santsi, a kife shi, sai a ga ruwan bai zube ba, domin iskar da ke ƙasa tana tokare kwalin.

Wani masani ɗan Italiya, Evangelista Torricelli, shi ya fara auna matsin iska a 1643, inda ya gano cewa iska tana iya tokare zaiba a cikin bututun gilashi har tsayin santimita 76. A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa surukinsa ya hau wani dutse a tsakiyar ƙasar ɗauke da irin wannan bututu, aka ga zaibar ta sauka da kimanin santimita 8. Dalili kuwa a fili yake. Iska kamar tarin buhunan auduga take: na ƙasa sun danne saboda nauyin na sama, na sama kuwa suna sakwa-sakwa. Duk wanda ya taɓa jin kunnensa ya toshe a mota kan hanyar Akwanga zuwa Jos, ya ji wannan canji a jikinsa.

A ƙololuwar Kilimanjaro matsin iska kusan rabin na bakin teku ne. A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton kason iskar oksijin ne ke raguwa. Haƙiƙa oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska, a Legas da a kan Uhuru baki ɗaya. Abin da ya canza shi ne, iskar ta baje, don haka numfashi ɗaya a can sama yana ɗauke da kusan rabin oksijin da yake ɗauka a bakin teku, ƙarfin da ke tura shi daga huhu zuwa jini kuma ya ragu. Wani likita Bafaranshe, Paul Bert, shi ya tabbatar a 1878 cewa wannan raguwa ce ke sa masu hawan duwatsu rashin lafiya. Har a madafa akan ga alamar: ruwa yakan tafasa a wajen digiri 80 maimakon 100, shi ya sa wake da shinkafa ke daɗewa ba su nuna ba.

Yadda Jiki Ke Sabawa

Da zarar oksijin ya ragu a cikin jini, wasu 'yan gaɓoɓi masu sa ido da ke jikin jijiyoyin wuya sukan aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Nan take numfashi ya ƙara sauri da zurfi, zuciya kuma ta ƙara bugawa. Sai dai wannan dabara tana da nata cikas. Yawan numfashi yana fitar da iskar kabon dayokzayid fiye da ƙima, tsamin jini ya ragu, ita kuma ƙwaƙwalwa da ta lura da haka sai ta taka wa numfashin birki. Wannan ja-in-ja ne ke sa mai barci a kan dutse ya riƙa ɗauke numfashi na 'yan daƙiƙu, sannan ya farka firgigit yana haki.

Ƙoda ce ke raba gardamar. Takan riƙa fitar da sinadarin baikabonet, dangin kanwa, ta cikin fitsari, har tsamin jini ya koma daidai, ƙwaƙwalwa ta saki birki, mutum ya sami damar yin numfashi sosai. Wannan aiki yana cin kwanaki. Bugu da ƙari, ƙodar takan saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ke dakon oksijin, amma wannan kuma makonni yake ɗauka. A taƙaice, jiki yana iya sabawa da tsauni muddin an ba shi lokaci.

Ciwon Tsauni

Idan aka hau da saurin da ya fi ƙarfin sabawar jiki, sai ciwon tsauni ya kama mutum. Yawanci yakan fara ne daga mita 2,500 zuwa sama. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, duwatsun Bagzan na ƙasar Nijar kuma sun ɗan haura mita 2,000 kaɗan. Ke nan wanda ya tashi a waɗannan ƙasashe bai taɓa sanin yadda jikinsa zai yi a irin wannan tsayi ba.

Ciwon iri uku ne. Na farko, wanda ya fi yawa, yakan bayyana bayan awa shida zuwa goma sha biyu da isa sabon zango. Alamominsa su ne ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin cin abinci, da jiri, da kasala. Idan aka dakata a wurin aka huta, yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne taruwar ruwa a huhu. Ƙarancin oksijin yakan sa jijiyoyin huhu su tsuke, matsin jini a cikinsu ya hau, ruwa ya tsatso cikin 'yan jakunkunan da ke karɓar iska. Mutum yakan riƙa haki ko yana zaune, yana tari, wani lokaci da kumfa mai jaja-jaja, leɓɓansa su sauya launi. Na uku shi ne kumburin ƙwaƙwalwa, inda mutum zai riƙa tangaɗi da sambatu, ya kasa tafiya a kan miƙaƙƙen layi, daga bisani ya suma. Waɗannan biyu na ƙarshe suna iya kisa cikin kwana ɗaya. Babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan da nan, ko da tsakar dare ne, domin sauka ta mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi mai yawa.

Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwo. A watan Disamba na 2010, Martina Navratilova, 'yar wasan tanis da ta ci kofin Wimbledon sau tara, ta kamu da ruwa a huhu a kan Kilimanjaro, sai saukowa aka yi da ita aka kai ta asibiti. A 2019 kuwa wata Ba'amurkiya mai suna Anne Lorimor ta kai ƙololuwar tana da shekara 89. Sau da yawa matasa masu ji da ƙarfi su ne ke yin sauri, su ɓoye ciwon kai don jin kunyar abokan tafiya, har abin ya gagara.

Akwai gargaɗi na musamman ga mutanen Afirka ta Yamma. Ƙarancin oksijin shi ne ke sa jajayen ƙwayoyin jinin masu cutar sikila su lanƙwashe kamar lauje su toshe jijiyoyi, don haka hawan irin wannan dutse babban haɗari ne gare su. Hatta masu rukunin jini na AS, waɗanda suka kai kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya, wani lokaci saifarsu kan sami matsala a wurare masu tsayi. Wajibi ne mutum ya san rukunin jininsa, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya ɗaura niyya.

Dabarun Hawa

Likitocin da suka ƙware a wannan fanni suna ba da shawarar cewa, idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwana na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. A gwada wannan da hanyar Marangu, wadda ita ce tsohuwar hanyar baƙi. Akan tashi daga ƙofar gandun daji a kimanin mita 1,860, a kwana a Mandara a mita 2,700, washegari a Horombo a wajen mita 3,700, rana ta uku a bukkar Kibo a mita 4,700, sannan da tsakar dare a kama hanyar ƙololuwa. Wato ana hawa mita 1,000 a kullum, ninki biyu na abin da aka shawarta. Wannan ne ya sa masu tafiyar kwana biyar suka fi yawan juyowa. Mutum yakan zaɓi gajeriyar tafiya don rage kuɗin shiga gandu da na 'yan dako, amma arha ba ta ado.

Hanyoyin Machame da Lemosho, masu cin kwana bakwai ko takwas, sun fi ba jiki dama. A cikinsu akwai ranar da ake hawa har Hasumiyar Laba, a kimanin mita 4,600, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Hikimar ita ce a ɗanɗana wa jiki tsayi da rana, a kwantar da shi a ƙasa da dare. Akwai kuma maganin asitazolamaid, wanda ke hanzarta aikin ƙoda na fitar da baikabonet, amma da izinin likita ake shan sa, kuma bai zama madadin tafiya a hankali ba.

Dokar gandun ta hana kowa hawa ba tare da jagora mai lasisi ba. Kalmar da baƙo zai fi ji daga bakin jagorori ita ce "pole pole", wato sannu sannu, kuma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ana bukatar shan ruwa sosai, domin busasshiyar iska tana kwashe laimar jiki ta numfashi. Ana bukatar tufafi masu kauri hawa-hawa, da baƙin tabarau, saboda hasken rana mai ƙuna yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000, ga kuma ƙanƙara tana maido shi cikin ido. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Janairu zuwa farkon Maris, da kuma Yuni zuwa Oktoba, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke. Kada a manta da 'yan dako, waɗanda aka ƙayyade wa kowannensu kilo 20 na kayan baƙi. Su ma sanyi da ciwon tsauni ba su ƙyale su ba, kuma haƙƙi ne a kan mai tafiya ya tabbatar suna da sutura da abinci da lada mai kyau.

Makomar Ƙanƙarar Dutsen

Wanda ya kai Uhuru da fitowar rana zai ga gandama-gandaman bangayen ƙanƙara, amma waɗannan ragowa ce kawai. A 1912 ƙanƙara ta rufe fiye da murabba'in kilomita 11 na kan dutsen. Zuwa 2011 abin da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2 ba, wato an rasa kusan kashi 85 cikin ɗari. Masana sun gano cewa tun ƙarshen ƙarni na 19 iskar yankin ta ƙara bushewa, sabuwar dusar ƙanƙara ba ta sauka isasshiya, tsohuwar kuma zafin rana yana mayar da ita tururi kai tsaye ba tare da ta narke ba. Ɗumamar yanayin duniya ta ƙara tsananta lamarin. Rahoton UNESCO na 2022 ya yi hasashen cewa kafin 2050 ƙanƙarar za ta ƙare.

Ga mazauna gindin dutsen kuwa, kurmin ya fi ƙanƙarar muhimmanci, domin shi ke tare ruwan sama da hazo, ya shayar da ƙoramun da ke kwarara cikin kogin Pangani, wanda ake noman rani da samar da lantarki da ruwansa. Gobarar da ta tashi a kan dutsen a watan Oktoba na 2020, ta yi kwanaki tana ci, ta nuna irin ɓarnar da wuta za ta iya yi a wurin.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa hawan Kilimanjaro darasi ne na kimiyya da ake karantawa da ƙafa da huhu. Matsin iska yana raguwa da tsayi, jiki yana bukatar kwanaki kafin ya saba, kuma wanda ya hana shi waɗannan kwanaki ya jefa ransa cikin haɗari. Ɗalibin da ya fahimci gwajin kofi da kwali, ya kuma iya lissafin digiri 6.5 a duk mita 1,000, ya riga ya mallaki ilmin da zai amfane shi a kan Dutsen Kamaru mai tsayin mita 4,040, ko Kilimanjaro, ko wani dutsen da ya fi su. Ƙa'idoji uku ne masu hawa ke kiyayewa: a hau a hankali, kada a ƙara hawa alhali ana fama da ciwon kai, idan kuma ciwo ya ƙaru a sauko ba tare da jinkiri ba.